Taswira mai motsi, manhaja mai haki

Jirgin sama mai na'urar ADS-B yana sanar da inda yake kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Jirgin ruwa da ke tafiya yana yin haka ta tsarin AIS duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10. Mai aikin taswira da ya zuba waɗannan bayanai a manhajar kwamfutarsa so yake ya ga ɗigogin suna tafiya sumul kamar a fim. Sau da yawa ba haka ake gani ba. Allo ya yi fari fat, hanyoyi su fito, sunayen garuruwa su biyo baya, kafin a gama jirgin ya yi gaba abinsa. Nan take sai a ce kwamfuta ta tsufa, a fara neman kuɗin sabuwa. An bar jaki ana dukan taiki, domin galibi matsalar tana cikin yadda manhajar ke zana taswirar.

Fim yana nuna hoto 24 a daƙiƙa, allon kwamfuta kuwa yakan sabunta kansa sau 60. Ke nan kowane hoto yana da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa kacal, kuma a ɗan wannan lokaci ne za a cika ɗigo 2,073,600 na allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080.

QGIS, manhajar kyauta da Gary Sherman ya fara a 2002, ba don irin wannan tsere aka gina ta ba. Ta fi dacewa da taswira mai kyau wadda za a buga a takarda. Duk lokacin da za ta zana, sai ta karanto bayanai daga fayil, ta daidaita ma'aunin wurare, ta sa launi da alamomi, sannan ta nema wa kowane suna gurbin da ba zai hau kan ɗan'uwansa ba. Wannan aiki na ƙarshe yana cin lokaci sosai, kuma duk nauyin yana kan CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. An sami sauƙi a 2014, lokacin da aikin Martin Dobias ya shiga QGIS 2.4, manhajar ta iya zana shimfiɗun taswira da dama lokaci guda ba tare da allo ya daskare ba. A 2020 kuma QGIS 3.14 ta zo da maɓallan tafiyar da lokaci, aikin da a da sai an ɗora TimeManager ta Anita Graser. Duk da haka, kowane taku na motsin sabon zane ne.

Wasu sun bi wata hanya. Mapbox GL, da ta fito a 2014, tana miƙa siffofi ga GPU, katin zanen da ke ɗaukar wasannin kwamfuta, ya riƙe su a ma'ajiyarsa yana jujjuya su yadda aka so. ArcGIS Pro ta kamfanin Esri, da ta fito a 2015, ita ma da katin ta dogara, haka deck.gl da kamfanin Uber ya ƙirƙira. Shi ya sa masu ƙorafi ke cewa ya kamata QGIS ta kwashe kayanta kaf ta koma kan GPU.

Wannan shawara ta yi gaggawa. Alamomin da aka shafe sama da shekara 20 ana ƙerawa, da tsabtar taswirar da ake fitarwa a PDF, duk a kan injin zanen yanzu suke zaune. Katunan zane kuma iri-iri ne, kuma ɗalibin da ke aiki da tsohuwar laftof shi zai fara shan wahala.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba abin da ke tsaye da abin da ke tafiya. Gaɓar teku da tituna ba sa zuwa ko'ina, don haka a zana su sau ɗaya a ajiye hotonsu, abin da QGIS ta riga ta iya. Ɗigogi masu motsi kuwa a ɗora su a sama, kamar yadda alamar GPS ke yawo a kan taswira ba tare da an taɓa abin da ke ƙarƙashinta ba. A yau sai mai iya rubuta Python ne ke cin moriyar wannan dabara yadda ya kamata. Ya dace masu gina manhajar su mayar da ita zaɓi da kowa zai danna, kuma a wannan shimfiɗa ta sama kaɗai a gayyato GPU.

Kafin nan, mai amfani da manhajar yana da nasa aikin. Ya kashe sunaye a shimfiɗa mai motsi, domin duk motsinta yana tilasta a sake jera sunayen taswirar baki ɗaya. Ya kwashe bayanansa daga CSV zuwa GeoPackage mai fihirisar wurare, ya sa duk shimfiɗun a ma'auni ɗaya, ya rage lanƙwasar layuka da dabarar Douglas da Peucker ta 1973. Idan rahoto zai gabatar, QGIS tana iya fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya a haɗa su bidiyo, ko da aikin zai kwana yana yi. Ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne ba shi da wannan gata, domin jirgin da yake sa wa ido zai sake aiko da sabon matsayinsa nan da daƙiƙa 10.