Furen Biki Kayan Gwari Ne, Jama'a Mu Yi Wa Kanmu Faɗa

'Yan uwana Hausawa mazauna Ikko da sauran garuruwan Kudu. Yau ina so in taɓo wani yayi da ya shigo mana cikin sha'anin aure, kuma na san wasu ba za su ji daɗin maganata ba, musamman ƙannenmu mata da iyayenmu masu son a ce bikin 'yarsu ya fi na kowa. Ina nufin wannan ɗabi'a ta cika zauren biki da ɗanyun furanni. Daga Agege zuwa Idi-Araba, har Sabo ta Ibadan, yanzu in an sa ranar aure, tun ba a gama maganar lefe ba za ka ji an fara maganar mai dekoreshon da irin furen da za ta kawo.

Tun farko bari in faɗa, ban ce fure haramun ba ne, ni ba malami ba ne. Halittar Allah ce mai kyau da ƙamshi. Magana ta kasuwa zan yi, domin a gindin kwandon tumatir na tashi, a kasuwar Mile 12, wurin mahaifina. Abu na farko da ake koya wa yaro a can shi ne, kayan gwari ba sa jiran kowa. Motar da ta taso daga Kano in ta yi lattin kwana ɗaya a hanya, sai a zubar da wani abu, wanda ya rage kuma a ɗora masa kuɗin wanda ya ruɓe. To wallahi fure ya fi tumatir saurin mutuwa, kuma tumatir ko ya lalace akwai mai sayen baje. Furen da ya kwana a zaure sai bola.

Da yawanmu ba mu san daga inda furen nan yake fitowa ba. Manyan wardin da kuke gani a hotuna, akasari jirgin sama ne ke kawo su daga Kenya, inda ake noma su a gefen tafkin Naivasha, ko daga Habasha, ko daga babbar kasuwar furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan. Tun daga gona har zaure dole su zauna cikin sanyi. Ke nan mai furen ta biya da dala, ta biya kuɗin jirgi, ta biya kwastan, ta sayi man janareto don ɗakin sanyi, sannan ta lissafa waɗanda za su yanƙwane a hanya. Kowa ya san abin da ya sami Naira: kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wannan a kan wa zai sauka? A kan ango da uban amarya. Saboda haka ni ban ga laifin mai fure ba, sana'arta take yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan mu tambayi kanmu, a wane ɓangare na aurenmu furen yake shiga? Ɗaurin aurenmu a masallaci ko ƙofar gida ake yin sa, waliyyi da wakili da shaidu, a faɗi sadaki, a raba goro da alewa, amarya ma ba ta wurin. Turawa da maƙwabtanmu masu auren coci suna da dalilinsu, amaryarsu tana shiga da farar riga riƙe da fure, yayin da ya bazu bayan Sarauniyar Ingila Biktoriya ta yi aure a 1840 da farar riga da furen lemo a kanta. Mu kuwa namu na dina ne kawai, taron awa huɗu ko biyar, a ɗauki hoto a watsa a Instagram, shi ke nan. Abin takaici, adonmu na gado yana nan: ƙunshin lalle da ke makonni a hannun amarya, turaren wuta da humra irin na 'yan uwanmu na Borno da ake wata da watanni ana jin ƙamshinsu a ɗaki. Su ake rage wa kuɗi don a ƙara wa abin da ba zai kai jibi ba.

Na san amsar da za a ba ni. Wai aure sau ɗaya ake yi. To ai shi ya sa ya kamata a tanadi abin zaman auren. Duk wanda ya nemi ɗaki a Ikko ya san sai ka ba da kuɗin shekara gaba ɗaya, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya. Na halarci bikin wani abokina da kuɗin furensa ya isa ya biya hayar shekara, bayan wata uku yana zagaya kasuwa yana neman wanda zai ba shi kaya bashi, domin jarinsa ne aka jera a kan tebura. Wasu kuma su ce amarya ce ke so, ƙawarta an yi mata. Haka ne, amma wa ya zaunar da ita ya nuna mata lissafi? 'Yan matanmu ba wawaye ba ne. Ka ce mata ta zaɓa tsakanin furen dare ɗaya da firji ko keken ɗinki, ka ji abin da za ta ce.

Babbar illar ma a kan waɗanda ba su yi auren ba take. Saurayi mai tura baro ko mai sayar da albasa ya je bikin ɗan uban gidansa ya ga abin da aka yi, sai ya ɗauka haka aure yake, ya ɗage nasa shekara biyu, uku. Budurwa kuma ta ƙi wanda ba zai iya ba. A gari irin Ikko, nesa da idon dangi, kowa ya san abin da jinkirin aure ke haifarwa, ba sai na faɗa ba.

Wanda Allah Ya hore wa kuma ya ce lallai sai ya sa fure, to ya shiga cinikin kamar ɗan kasuwa. Ka yanke abin da za ka kashe tun daga gida, ka faɗa wa mai furen, ita ta nemo abin da ya dace da kuɗin. Ka tambaye ta wanne ne na waje, wanne ne na gida, domin a Jos ma ana noman furanni saboda sanyin wurin. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta irin furen, yawansa, lokacin kawowa, da abin da za a yi in jirgi ya yi latti. Ka guji makon 14 ga Fabrairu da watan Disamba, lokacin da kowa ke rububin wardi. A sa ɗanye a hannun amarya da gefen kujerarsu, sauran zauren a yi hayar na roba, babu baƙon da zai bi tebur yana shinshinawa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ina kira ga sarakunan Hausawanmu na unguwanni da limamanmu da shugabannin kasuwa, su riƙa taɓo wannan magana a wurin sa rana, tun kafin a kai ga bashi. Iyayenmu sun baro Arewa da buhu a kafaɗa, sun kwana a rumfa kafin su tara abin da muke taƙama da shi yau. Bai dace mu kwashe shi mu ba masu shara washegarin biki ba.

Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya, mu da ba mu yi ba Ya hore mana na yi, amin.