Wa Ya Hana Mu Zama A Kwamitin Makaranta?

Jama'a, yau da mu nake, mu mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Mil 12 a Ikko, har zuwa Sabon Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal. Maganar tana da ɗaci, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A kusan kowace makarantar furamare ta gwamnati da ke unguwanninmu akwai kwamitin da aka ɗora wa nauyin sa ido kan tafiyar da ita, a cikinsa kuwa akwai kujerun da aka ware wa jama'ar unguwa. Mu je mu duba su wane ne a kan waɗannan kujeru. Sau da yawa ba za a sami ko mutum ɗaya daga cikinmu ba, alhali 'ya'yanmu ne cike da bencina. To, wa ya hana mu?

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a bakin rumfa da zauren Sarkin Hausawa: wai mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, gobe gida za mu koma. Kaico! Tun shekarar 1916 aka kafa Sabo a Badun. Mutumin da aka haifi kakansa a can, aka yanke cibiyar ubansa a can, shi ma can ya yi wayo, ya kuma iya Yarabanci kamar ya kashe mai shi, yaya za a yi ya ce shi ɗan ci-rani ne? Fataken goro da suka zauna a Agege da Shagamu sun bar jikoki da tattaɓa-kunne. Raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba ai ta zama rijiya. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so cikin ƙasar, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan haraji, muna jefa ƙuri'a a mazaɓun da muke zaune. Sai an zo kan makaranta ne muke tuna cewa mu baƙi ne.

Mu waiwayi tarihi kaɗan, don mu ga irin ratar da aka ba mu. A 1955 gwamnatin Jihar Yamma, ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, ta buɗe ilmin furamare kyauta. A 1976 gwamnatin soja ta shimfiɗa shirin a ƙasa baki ɗaya. Tsakanin 1979 da 1983 Alhaji Lateef Jakande ya cika Ikko da azuzuwa, har ya kawar da tsarin nan na 'yan safe da 'yan yamma. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, a Sakkwato ma aka yi bikin, sa'an nan a 2004 aka kafa masa doka. Maƙwabtanmu sun rungumi duk waɗannan da hannu biyu, iyayensu mata ma, masu sayar da barkono a tire, ba sa wasa da taron makaranta. Mu kuwa muna gefe muna lissafin buhunan albasa.

Ita dokar ta 2004 ba ta bar kowa cikin duhu ba. Ta ce karatun shekara 9, wato 6 na furamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, jiha kuwa ba ta karɓar kuɗin gine-gine sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Uban da ya ƙi kai ɗansa, karo na farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan haka naira 5,000 ko wata 2. Wanda kuma ya karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, tararsa tana iya kaiwa naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyu. Kuɗin yakan taso daga hukumar tarayya zuwa hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, daga nan aiki ya gangaro ta hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma har ya iso ga hedimasta. Hanyar tana da tsawo, mahaukatan ramuka kuma suna da yawa a kanta. Idan babu mai tsayuwa a ƙarshen hanya ya ƙirga abin da ya iso, kada a yi mamaki in an aiko raƙumi akuya ta sauka.

Wannan tsayuwa ita ce aikin kwamitin gudanar da makaranta, wanda Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince a kafa a kowace makaranta kimanin shekaru ashirin da suka wuce. An tsara shi ne yadda zai ƙunshi hedimasta, da wakilan malamai, da na iyaye, da na 'yan makaranta, da tsofaffin ɗalibai, da mai unguwa ko basarake, da wakilan mata, da na addinai, da masu sana'ar hannu. Kwamitin ba ya ɗaukar malami, ba ya kuma korarsa. Amma yana da ikon ya duba ko malamai suna zuwa a kan lokaci, ya bi sawun yaran da suka daina zuwa, ya tsara abin da makaranta ta fi bukata, ya san shigar kowane kwabo da fitarsa, ya kuma kai kuka gaban sakataren ilmi a rubuce, da hatimi, yadda ba za a ce ba a ji ba.

Ni da kaina na zauna a irin wannan kwamiti a wata makaranta ta unguwarmu, kuma abin da na tarar ya isa darasi. An saba kiran taro ranar Juma'a da hantsi ya ɗaga, a ja shi har lokacin tafiya masallaci. Da na yi magana sai shugabar kwamitin ta ce ai ba wanda ya taɓa gaya musu, nan take aka mayar da taron Asabar. An kuma ɗora wa yara wani kuɗi wai na jarrabawa, ba rasit, ba bayani. Ranar da aka nemi a kawo littafin shiga da fita a teburi, ranar kuɗin ya mutu. Akwai yaranmu da aka yi wa lakabin daƙiƙai aka tura su bencin baya, ashe ba su daɗe da zuwa daga gida ba, harshen da malama ke bayani da shi ne ba su ji. Duk wannan ba ƙiyayya ce ta kawo shi ba, rashinmu ne a wurin. Yarabawa da kansu suna da karin magana cewa ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Mu ne muka aika da kawunanmu muka zauna a kasuwa.

Saboda haka ina tuhumar mutum uku. Na farko shi ne attajirin da zai zubar da dukiya wajen neman rawanin Sarkin Hausawa, a yi shari'a, a ɓata zumunci, amma bai san ƙofar makarantar da ke bayan gidansa ba, domin nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi. Na biyu shi ne ɗan bokonmu, ma'aikacin banki ko kwastan, wanda da ya ji aikin kwamiti ba albashi ba alawus sai ya ce ba shi da lokaci. Na uku shi ne uban da ya fi ganin amfanin yaro da baro a Mil 12, ko yarinya da farantin talla a tasha, a kan su zauna a aji. Asusun UNICEF ya taɓa cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu kuwa 'yan Arewa. Ashe bai isa abin kunya ba, sai mun ɗauko wannan ciwo mun kawo shi inda makaranta take a ƙofar gida?

Wani zai ce ko mun shiga rinjayarmu za a yi. To, a rinjaye ka kana zaune, an rubuta ƙorafinka a littafin taro, ya fi a yanke hukunci kana can kana auna tumatir. Ban da haka, uban da kuka yi shekara biyu kuna neman kwanon rufin aji tare da shi ya san sunanka, ya san ɗanka. Wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha a 2021, ya san darajar maƙwabcin da zai tsaya ya ce wannan namu ne. Irin wannan sanayya a teburin kwamiti ake ƙulla ta, tun wuta ba ta tashi ba.

Abin yi a fili yake. Kowane Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su sa a ƙirga makarantun gwamnati da yaranmu ke zuwa. A tura wa kowace makaranta mutum biyu masu mutunci, namiji da mace, waɗanda suka iya karatu da harshen gari, su je wurin hedimasta su tambayi yaushe ake sabunta kwamiti. In an ce babu kwamiti, a wuce ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma a tambayi dalili. Wanda aka zaɓa ya riƙa kawo wa jama'a bayani a ƙarshen kowane zangon karatu, wanda kuma ya ƙi halartar taro sau uku a sauke shi ba kunya. Limamai su yi ta tunatarwa, ƙungiyoyin mata su shiga gida-gida. Ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'ar kansila ko ciyaman, kafin a karɓi shinkafarsa a tambaye shi aji nawa ya rufe a mazaɓar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da muka bari a bakin titi bana, shi ne za mu je beli a caji-ofis nan da shekara goma, a lokacin kuwa ba kwamitin da zai cece mu. Kujerar tana nan, ba wanda ya ɗauke ta. Allah ya ba mu ikon zama a kanta, amin.