Allura da Zare Sun Ishi Mai Zama Shi Kaɗai

Duk wanda aiki ya raba shi da iyalinsa ya san lokacin da zaman ke yin nauyi: bayan sallar isha'i, an turo ƙofa, babu wanda za a tambaya ya aka wuni. Malamin da aka tura wata ƙaramar hukuma, ɗan bautar ƙasa, ma'aikaciyar jinya a gidan haya, dattijuwar da 'ya'yanta suka watse gidajen aure, duk sun san waɗannan sa'o'i. Yawancinmu waya muke miƙa wa su. Data ta ƙare, ido ya yi ja, mutum ya kwanta bai ƙaru da komai ba.

Ra'ayina shi ne mai zaman kaɗaici ya nemi abin da hannunsa zai riƙa yi, kuma kada ya fara da kashe kuɗi. Kaɗaici yana da saurin tura mutum kasuwa. Na san wani abokin aiki da ya ci bashi ya sayi keken ɗinki don ya rage dare. Keken ya cinye rabin ɗakin, ƙararsa ta hana maƙwabcin da bango ɗaya ya raba su barci, yau a kan keken yake rataye tufafi. Abin ya ba ni tausayi, domin niyyarsa mai kyau ce.

Ni ɗinkin hula na kama, kuma kayansa duka suna shiga gwangwanin madara guda. Allura, zare, ƙaramin almakashi ko reza, sai farin yadin da aka riga aka yi wa zane. Zanen ba sai ka iya ba. Akwai masu zanen hula da sana'arsu ke nan, su fitar maka da jiki da kai, naka bin layi. Sabon shiga ya zaɓi zane mai faɗi, mai launi biyu ko uku, ya bar Zanna Bukar da damanga mai cikowa sai hannu ya faɗa. Idan an gama, mai wankin hula ya wanke ta, ya sa mata sitaci, ya buge ta, ta fito tsaf.

Wurin zare kuwa kada a yi ƙoro. Zare mai arha yana zuba a wankin farko, ja ya malale cikin fari, aikin makonni ya tafi a banza. Kafin ka fara, tsinki ɗan guntu ka jiƙa, ka murza shi a farin ƙyalle. In ya bar launi, mayar da shi. Allura ma ka sayi fakiti, domin mai zama shi kaɗai ba shi da wanda zai aika gidan maƙwabta aro da ƙarfe goma na dare.

Inda nake so a buɗe bakin aljihu shi ne fitila. Wutar NEPA ba abin jira ba ce, hasken tocilan ɗin waya kuma yana gajiyar da ido. A nemi fitila mai caji ko mai sola, wadda take tsayawa da gindinta, mai farin haske da ba ya rawa, a gwada ta a gaban mai shago kafin a biya. A ajiye ta ta ɓangaren hagu in da dama ake ɗinki, don kada inuwar hannu ta rufe aikin. Allura in ta karye naira kaɗan ce, ido kuwa ba a sayar da shi a Kantin Kwari.

Sai rediyo ɗan ƙarami mai batir. Sashen Hausa na BBC yana magana da mu tun 1957, na Jamus tun 1963, ga tashoshin FM na jihohi. Kyan rediyo shi ne kunne kaɗai yake nema, ya bar maka ido da hannu. Waya ba ta yarda da wannan rabo ba, duka take so.

Wasu za su ce ɗinkin hula aikin mata ne ko na marasa abin yi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a tsangaya ba, inda gardawa suka daɗe suna ɗinka hula tsakanin karatu da karatu, kuma bai ga mazan Zariya suna fitar da aska takwas a wuyan babbar riga da hannu ba. Lokacin da rikici ya koro mutanen Bama zuwa Maiduguri a 2014, da yawa daga cikinsu da allura da zare suka ci gaba da neman abinci a sansanonin gudun hijira, domin sana'ar ba ta bukatar shago ko jari mai yawa. Idan ta riƙe wanda ya rasa gida, za ta riƙe wanda ɗaki kawai ya yi wa shiru.

Ba kowa ne ido zai bar shi ya bi ƙananan layukan hula ba, musamman manyanmu. Su sai su koma ga aiki mai manyan ido: saƙar kwarashi da zaren ulu mai kauri, ko faifai da mafici na kaba. Kwarashi ɗaya da dunƙulen zare biyu sun isa fita da hular jariri, kuma a kowace unguwa akwai wadda za ta nuna wa mutum ɗaurin farko idan ya yi sallama ya tambaya.