Kwalbar Da Ba A Rubuta Wa Suna Ba: Mata A Tarihin Shirya Fim

A ranin da ya wuce na kai ɗalibaina magudanan ruwan noman rani na yankin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Abin da ya kai mu shi ne tattaro ƙananan dodon koɗin nan da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Wata ɗaliba ce ta riƙe wayar hannu tana ɗaukar hoton aikin tun safe har azahar, ita ce kuma ta zauna ta yayyanke shi ta harhaɗa. Da aka kawo mini rahoto, sai na tarar an rubuta sunan saurayin da ya tsaya gaban kyamara yana bayani, an bar nata. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi, mantuwa ce kawai. To, amma irin wannan mantuwar ce ta binne sunayen mata da yawa a tarihin silima, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna a kanta.

Darasin farko da muke koya wa ɗalibin ilmin halittu shi ne, duk abin da ya tsinto ya sa a kwalba, to ya manna mata takarda mai ɗauke da sunan wuri, da rana, da sunan wanda ya tsinto. Kwalbar da ba ta da wannan takarda, ko da abin da ke cikinta ba a taɓa ganin irinsa ba, ba ta da amfani ga mai bincike. Ra'ayina shi ne, abin da ya sami mata masu shirya fim ke nan. Sun yi aikin tun ranar da aka fara shi, takardar ce ba a manna ba.

Mu fara da Alice Guy, wata Bafaranshiya da aka haifa a 1873. Sakatariya ce a kamfanin Gaumont da ke birnin Faris, a lokacin da masu kyamara ke ɗaukar hoton jirgin ƙasa ko ma'aikata suna fitowa daga masana'anta. Ita tana cikin mutanen farko da suka ga cewa ana iya ba da labari da wannan na'ura. Ta shugabanci sashen shirya finafinai na kamfanin har zuwa 1907, sannan ta ƙaura Amurka, ta kafa nata kamfanin mai suna Solax a 1910. Ta shirya ɗaruruwan finafinai. Duk da haka, da mai kamfanin Gaumont ya fitar da tarihin kamfaninsa a 1930, bai ambaci aikin da aka yi kafin 1907 ba, wasu finafinan nata kuma marubuta suka jingina su ga mataimakanta maza. Har yau masana na jayayya ko a 1896 ta yi fim ɗinta na farko ko a 1900, domin ba a ajiye takardar da za ta raba gardama ba. Ta rasu a 1968, littafin da ta rubuta kan rayuwarta kuwa sai a 1976 ya sami mai bugawa.

Akwai wata kuma da ta fi kusa da mu malaman kimiyya, wato Mary Field ta ƙasar Ingila. Daga 1929 ita ce ta jagoranci jerin gajerun finafinan nan na Secrets of Nature, masu nuna rayuwar tsirrai da ƙwari da tsuntsaye. Abokin aikinta Percy Smith yakan ɗauki hoton iri yana tsira, hoto ɗaya bayan ɗaya cikin kwanaki, ita kuma ta tsara hotunan su zama darasin da yaro zai fahimta. Duk malamin da ya taɓa nuna wa ajinsa wake yana tsira cikin minti guda, to a kan turbar su yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada mai karatu ya zaci labarin Turawa ne kaɗai. A 1975 Safi Faye ta ƙasar Senegal ta fitar da Kaddu Beykat, fim a kan manoman gyaɗa na ƙauyensu da wahalar da suke sha, har gwamnatin ƙasar ta hana nuna shi. A maƙwabciyarmu Nijar, Mariama Hima ta shiga kasuwannin Yamai da kyamara a shekarun 1980, ta ɗauki masu sana'ar sarrafa tsofaffin tayoyi da ganguna da katako. Ɗaya daga cikin finafinan sunan Hausa gare shi, Baabu Banza. Haka kuma a 2004 Rahmatou Keïta ta fitar da Al'leessi, tarihin Zalika Souley, jarumar da ta fito a finafinan Nijar tun 1966. A lura da kyau: sai da wata mace ta tashi ta bi sawu da kanta, sannan aka manna wa wannan kwalba takardarta.

A nan Kano kuwa, an fi ɗaukar Turmin Danya na 1990 a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko. Tun daga shekarun nan akwai hannun mata a rubuta labari da zuba jari, ban da fitowa a gaban kyamara. Misalin da kowa ya sani shi ne Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka mayar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, ta kuma shirya Juyin Sarauta da ya fito a 2017. To, ita an san ta saboda littattafanta suna nan a buge. Ina sauran, waɗanda ba su bar komai ba sai kaset?

A nan ne batun ya koma na kimiyya. Finafinan farko an ɗauke su ne a kan zaren da aka yi da sinadarin naitiret, wanda ke ruɓewa da kansa, kuma yana saurin kamawa da wuta. Binciken da babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa sauti sun salwanta. Kaset ɗin bidiyo namu ma bai tsira ba. Zarensa leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Laimar damina tana narkar da danƙon, fumfuna ta sami wurin zama ta yi ta yaɗuwa, gara kuma ta cinye kwalin da aka rubuta sunayen ma'aikata a jikinsa. Fumfuna ba ta san namiji ko mace ba. Amma wanda ya yi suna ana kwafe aikinsa a adana, wanda ba a rubuta sunansa ba kuwa, da kaset ya lalace shi ke nan an shafe shi.

Na san wasu iyaye da malamai za su ce harkar fim ba ta 'ya'ya mata ba ce, saboda abubuwan da ake ji game da ita. Ban raina damuwarsu ba. Sai dai kyamara kayan aiki ce kamar madubin duba ƙwayoyin cuta, kuma abin da aka dosa da ita shi ne abin dubawa. A Kura akwai matan da suka shekara da shekaru suna turara shinkafa, sun san yawan ruwa da zafin wutar da ke hana ƙwaya karyewa. Akwai masu sheƙa, da masu shanya tumatir da tattasai. Ilmi ne sosai, kuma yawancinsa a cikin gida ake yin sa, inda ni da nake namiji ba ni da ikon shiga. Ɗalibar sakandare kuwa gidan gwaggonta ne. Idan ba ta ɗauka ba, wa zai ɗauka?

Saboda haka ga shawarata ga malaman makarantun yankin. A ba ɗalibai mata kyamara ko waya a lokacin aikin fili, da izinin iyaye da na waɗanda za a ɗauka. Kowane hoto a rubuta masa wuri da rana, da sunan wadda ta ɗauka da wadda ta harhaɗa. A ajiye shi a wuri biyu, a kuma buɗe masa littafin rajista a ɗakin karatu na makaranta. Wanda kuma ke da tsohon kaset na shekarun 1990 a gida, ya fito da shi daga ƙarƙashin gado, ya kwafe sunayen da ke jikin kwalin tun kafin wata daminar.

Ni dai na mayar wa ɗalibaina rahotonsu, na ce ba zan duba shi ba sai an gyara shafin farko. Washegari suka dawo da shi, sunanta na sama.