Maganin da Ke Jiran Haske

Ƙannena, tun 1978 likitoci ke yaƙar ciwon daji da cisplatin, magani mai ƙarfen filatinam. Yana aiki, sai dai bai san na gida ba: yana taɓa ƙoda, ya sa amai, har ji yakan raunana.

Shi ya sa masana suka nemi wanda zai kwanta shiru sai an haska shi. Farfesa Sherri McFarland ta haɗa TLD-1433 da ƙarfen rutiniyam, ana gwada shi a Kanada da Amurka kan dajin mafitsara. A zuba shi cikin mafitsarar, a zura siririn zaren gilashi mai koren haske. Da hasken ya same shi, sai ya mayar da iskar oksijin ta wurin guba, ta kashe ƙwayoyin dajin. Abin da ya fi burge ni, a gwajin ɓeraye mutuwar ƙwayoyin ta farkar da garkuwar jiki, ta gane dajin ta ci gaba da farautarsa.

Gwaji ne har yanzu, kada ku neme shi a kemis ɗin Sabon Gari. Amma zancen mafitsara ya shafe mu. Nakan ga yara suna iyo a Kubanni ta wajen Samaru, kuma a ruwan rafi ake ɗaukar tsargiya, wadda in ta daɗe takan jawo dajin mafitsara. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya cire kunya ya faɗa a gida, a je asibiti. Praziquantel na kashe tsutsar.