Ɗanka na son tuƙin jirgin sama? To mu yi lissafi tukuna

A ƴan kwanakin nan ana ta maganar kafa kamfanin jiragen sama na ƙasa, wasu ma na cewa a haɗa guda da Mali da Burkina. Madalla. Amma tambayar da ba mu cika jin ana yi ba ita ce: wa zai tuƙa su? Jirgi idan da kuɗi ana iya hayarsa cikin ƴan watanni. Kyaftin kuwa sai an yi shekaru ana rainonsa.

Mu ɗauki Ethiopian Airlines, tunda jiragensa na sauka a filin Diori Hamani kuma shi ne mafi girma a Afirka. Ya fara tashi a 1946, da taimakon kamfanin TWA na Amurka, matuƙan farko duk baƙi ne. Habashawa ba su zauna a haka ba. A 1964 suka buɗe makarantar matuƙa tasu a Adis Ababa, yau ga shi har ƴaƴan wasu ƙasashe suke koyarwa. Mu kuwa da jiragen Air Afrique muka dogara, har ya durƙushe a 2002 ya bar mu da hannu biyu.

To mene ne babban kamfani ke nema ga mai son aiki? Kafin komai lafiya. Akwai gwajin likita mai daraja ta ɗaya: ido, kunne, zuciya, sukari, da ko mutum yana bambance launuka. Sanya tabarau kaɗai ba ya hana mutum, saɓanin abin da ake faɗa a fada, amma wanda ba ya rabe ja da kore hanyarsa ta yi wuya. Shi ya sa muke ce wa iyaye: kafin ku saida gona ko garke, ku fara kai yaro ga likitan da hukumar jiragen sama ta yarda da shi. Kuma gwajin nan ana sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara har ranar ritaya, wadda a jiragen ƙasa da ƙasa ba ta wuce shekara 65.

Sai Ingilishi, kuma nan ne mu ƴan Nijar muke tuntuɓe. Hukumar jiragen sama ta duniya, wadda muke kira OACI, ta ajiye matakai 6, dole matuƙin da ke ƙetare iyaka ya kai mataki na 4. Ɗalibi na iya cin BAC C ko D da maki mai kyau, lissafi da kimiyya ya ƙoshi, amma a sa masa abin sauraro a kunne, wani jami'in hasumiya na Dubai ko Legas ya yi masa magana da sauri, sai ya yi tsuru-tsuru. Ingilishin da ake koyarwa a lise don cin jarabawa ba ya kai mutum nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Lasisin tuƙi na neman kuɗi, CPL, yana buƙatar awa 200 a sama, ko 150 idan makarantar mai cikakken tsari ce. Lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin, ATPL, yana buƙatar awa 1,500 da shekara 21 aƙalla. A tsakani akwai koyon nau'in jirgin kansa, domin wanda ya iya Boeing 737 ba zai hau Airbus A350 haka nan ba, kuma wannan ma kuɗinsa daban. Duka-duka ana maganar gomomin miliyoyin sefa. Sai yaro ya gama, ya dawo gida da awa 200 da takarda mai kyau, ya tarar sanarwar manyan kamfanoni na neman baƙi masu dubban awoyi. Ina zai samo su? A Amurka, inda tun 2013 ba a ɗaukar mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai da awa 1,500 in ban da ƴan sassauci, matasa na tara awoyi ta hanyar koyarwa a ɗaruruwan ƙananan makarantu. A nan ƙananan jiragen da ke tashi tsakanin Yamai, Agadas da Difa ba su da yawan da za su ɗauki kowa. Ga lasisi kuma idan ba a tashi da shi, izinin da ke cikinsa ƙarewa yake.

Ƙasashen da suka warware wannan sun yi ta ne da tsarin raino: kamfani ya zaɓi matasa ta hanyar gasa, ya horar da su, ya zaunar da su a kujerar dama kusa da kyaftin mai gogewa. Ethiopian haka yake yi wa ƴan ƙasarsa. Air France ma na da irinsa, amma ga ƴan Turai. Kowa nasa yake raino.

Wani zai ce ai muna da EAMAC a Yamai. Gaskiya ne, makarantar ASECNA ce kuma abin alfahari ce, sai dai masu kula da zirga-zirgar sama, masu hasashen yanayi da masu gyaran na'urori take yayewa. Makarantar tuƙi mafi kusa da ƴan Maraɗi da Damagaram tana Zariya, ita ma tun 1964.

A ganinmu hukuma na da abin ciniki a hannu. Duk shekara dubban alhazanmu na hawa jiragen haya zuwa Saudiyya, kuma kamfanoni irin su Ethiopian, ASKY da Turkish na samun izinin sauka a Yamai. Me zai hana idan an zo sa hannu a saka sharaɗin guraben ƴan Nijar a kujerar mataimaki? A zaɓe su ta gasa a fili, a kafe sunaye kowa ya gani, ƴan mata su shiga, kada ya zama rabon ƴaƴan manya. Wanda ƙasa ta biya wa kuma ya sa hannu zai yi mata aiki na wasu shekaru.

Iyaye kuma a yi hattara da masu tallar makarantun waje a WhatsApp da alkawarin "aiki tabbas". Kafin ku tura ko dala, ku je ANAC a Yamai ku tambaya ko lasisin wannan makaranta ana amincewa da shi a Nijar.