Kulle rediyo ba ya kulle kunne

Ranar 3 ga Agusta 2023, kwana takwas bayan juyin mulki, aka katse RFI da France 24 a Nijar. A watan Disamba 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku, saboda labarin wani hari a jihar Tillaberi da hukuma ta ce ba gaskiya ba ne. Duka lokutan biyu an samu masu tafi a nan Magarya, har da malaman makaranta irina. Da su nake yau, da kuma iyayen da ke turo mana yara kowace safiya.

Mu mutanen bakin iyaka ne. Mutumin Dungas da ya ci kasuwar Maigatari, ko na Magarya da ya dawo daga Babura, labarin da yake shigowa da shi ya fi buhun da ya ɗauko nauyi. Muryar tashoshin Jigawa da Katsina ba ta tsayawa a shingen duwan, layin salular Najeriya kuma yana kamawa a ƙauyukanmu da dama. Takardar da aka sa wa hannu a Yamai ba ta hana labari zuwa. Abin da take kawarwa shi ne ɗan jarida mai suna da wurin aiki, wanda in ya yi ƙarya an san inda za a same shi. Gurbinsa kuwa saƙon murya na WhatsApp ke cike shi, wanda ba a san mai shi ba, ba a san ranar da aka naɗe shi ba. Shi ne ɗalibanmu ke kawowa aji, suna rantsuwa a kansa.

Masu tafi su tuna cewa wannan bulala ta daɗe tana sauya hannu. A zamanin Tandja an tsare Moussa Kaka na Radio Saraounia daga Satumba 2007 har Oktoba 2008. Issoufou ya sa hannu kan alkawarin kare ƴancin jarida ranar 30 ga Nuwamba 2011, amma a mulkinsa Samira Sabou ta kwana gidan kaso a 2020 kan batun binciken kuɗin ma'aikatar tsaro. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021 an yanke intanet na salula kusan kwana goma. Da sojoji suka zo, an sake kama Samira a Satumba 2023, aka dakatar da Maison de la Presse a Janairu 2024, sannan a Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan rubutun intanet, wanda aka cire a 2022. Waɗanda suka yi kuka jiya su ke murna yau, waɗanda suka yi murna jiya su ke kuka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce mene ne ruwan malamin firamare da wannan? Ruwanmu ya kai wuya. A Afrilu 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Yamai. A Nuwamba na wannan shekara aƙalla 25 suka ƙone a Maraɗi. Labarin ya bazu, iyaye suka ji, duniya ta ji, gwamnati ta fito ta haramta azuzuwan zana ga ƙananan yara na sashen reno. Da an ce wa ƴan jarida su yi shiru don kada a ɓata sunan ƙasa, wa zai matsa? Har gobe muna karantarwa cikin rumfunan kara a karkarar Magarya da Dungas. Ranar da ɗan jarida ya ji tsoron tambayar inda kuɗin gina aji suka shiga, ɗanka ne zai ci gaba da zama ƙarƙashin zana.

Ga kuma lafiya. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram, kuma Dungas ce ta fi shan wahala. A irin wannan lokaci hukuma na bukatar uwa ta ji sanarwar rigakafi a rediyo ta yarda, ta ɗauko ɗanta. To, yarda ba ta samuwa ga tashar da kullum yabo kawai take yi. Wanda ya saba jin "komai lafiya" alhali yana ganin akasin haka a kasuwa, ranar da aka gaya masa gaskiya ma ba zai saurara ba. Mun ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, har cutar ta tsallaka wasu ƙasashe.

Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba banza ba ce. Ƙasa na cikin yaƙi, sojojinmu ƴaƴanmu ne, kafofin waje kuma suna da muradun iyayen gidansu. RFI ta gwamnatin Faransa ce, ba wanda ya ce waliyya ce. Amma maganin labarin ƙarya shi ne hukuma ta riga kowa fitowa da nata bayanin, da wuri da adadi, ta tilasta wa tashar gyara, in ta ƙi a je gaban alkali. Kishin ƙasa na gaske shi ne a ƙarfafa La Voix du Sahel da rediyon karkara su iya yi wa perefe da magajin gari tambaya mai zafi ba tare da fargaba ba. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Me ya fi dacewa da wannan matsayi kamar a tuhumi mai mulki da harshen da talaka ke ji? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Malamai ƴan'uwana, namu aikin yana cikin aji. Duk labarin da yaro ya kawo, a sa shi ya amsa uku: wa ya faɗa, yaushe, wa kuma ya tabbatar? A yi wa labarin gwamnati wannan awo, a yi wa na masu adawa da ita. Iyaye, kada ku tura saƙon da ba ku san tushensa ba, don yaranku na kallon yatsunku. Kuma in aka sake rufe wata tasha, kafin ku tafa, ku tambayi kanku wa zai faɗi naku kukan ranar da rufin ajin ɗanku ya faɗi.